Ƙarfen da Na Ƙera wa Ƙafar Ƙanena

Ni na ƙera marin da aka sa wa ƙanena a ƙafa. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya roƙe ni. Da hannuna na zaɓi ƙarfen a cikin tarkacen tsohuwar mota, na zuga wuta, na lanƙwasa zobba biyu, na haɗa su da gajeriyar sarƙa yadda mutum ba zai iya buɗe taki ba. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin mari ba, to shi ke nan abin, ƙarfen da ake daddaƙe wa mahaukaci ko ɓarawo a idon sawu. A duk abin da na ƙera a rayuwata, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarshi ba, kuma wannan ne ke ci mani rai har yau.

Mu maƙera ne a Kurfi tun kaka da kakanni. Mahaifinmu ya rasu ya bar ni da maƙera, da Inna, da ƙanena wanda na girma da shekara takwas. Ni mutum ne mai zuciya, ban ɓoye ba, garin nan kowa ya sani. In raina ya ɓaci idona rufewa yake yi, sai bayan na gama ɓarna in fara tambayar me ya faru. Shi kuwa ƙanen nawa ruwan sanyi ne, ga hannu mai laushi kamar na tela. Ya ƙi masaba, ya ce shi wayoyi yake so. Ya tafi Dutsin-Ma ya koyi gyaran rediyo, kafin ƙarshen shekarun saba'in ya buɗe ɗan shagonshi kusa da tasha. Har da rikoda gare shi, kuma a lokacin nan mutanen da ba su iya rubutu ba sukan zo ya ɗaukar masu magana a kaset, a aika wa ɗan'uwa a Ikko ko a Makka a madadin wasiƙa. Inna tana alfahari da shi ƙwarai, ni ma ina yi, sai dai ban taɓa faɗa mashi ba.

Abin ya fara ne wata bazara, ana tsananin zafi kafin ruwa ya sauka. Wani direba ya tsaya bakin maƙerata ya ce in je in ga ƙanena, don abin da yake yi ya fi ƙarfin wasa. Na hau motar muka tafi. Tun daga nesa na ji shagon yana ruri, ya kunna duk rediyon mutane a lokaci guda, kowace da tasharta. Shi kuma yana can bisa itacen bedi, ba riga, yana jan waya daga reshe zuwa rufin shago. Maƙwabta suka ce kwana tara ke nan bai runtsa ba. Da ya hango ni sai ya diro, ya rungume ni, ya fara zuba. Kai, ban taɓa jin magana irin wannan ba! Kafin ya gama wata ya kama wata, wai zai haɗa abin da za a ji muryarshi har Masar, wai zai sa wa kowane gida a Kurfi lantarki kafin kaka, wai ni in watsar da masaba ya naɗa ni babban injiniya. Yana dariya, idonshi ja wur.

Na ce, "Kai, sa rigarka mu tafi gida."

Ya ce, "Yaya, kai ma baƙin ciki kake yi mani?"

Na damƙi hannunshi. Ban ankara ba ya fizgo ƙarfen da yake narka dalma da shi, da zafinshi, ya danna mani a damtse. Na ji ƙaurin namana. Na kai mashi naushi a baki, haƙori ya fita, muka zube cikin rediyon mutane muna birgima. Sai da maza huɗu suka taru kafin aka ɗaure shi da igiyar rijiya.

Dattawa suka ce a kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye can bayan Barkiya. Mutumin ya dube shi sau ɗaya ya ce iska ce, kuma ta cikin akwatunan nan ta shige shi, don wanda ya wuni yana sauraron muryoyin da ba su da jiki dole wata rana ɗaya daga ciki ta bi shi gida. Wallahi a lokacin maganar ta shige ni sarai. Aka sa ƙafarshi a turu, wato gungumen icen da ake hudawa a zura ƙafar mutum. Kullum da hantsi a lulluɓe shi da bargo, a tura kaskon garwashi da barkono a ciki. Yana tari, yana amai, yana kiran Inna, ni kuma ina danne da kafaɗunshi. In an yaye bargon sai tsumagiyar tsamiya ta hau bayanshi. Mai maganin yana cewa ba shi ake duka ba, iskar ake duka, shi ba ya ma jin zafin. Ni da ke riƙe da shi ina jin yadda jikinshi ke karkarwa, amma na zaɓi in yarda da mai magani.

Wajen kwana arba'in sai ya yi tsit. Ya daina zuba, ya daina zagi, ko an cire ƙafarshi daga turu ba ya motsawa. Mai magani ya ce iska ta fita. Muka dawo da shi gida, Inna ta yi waina aka raba sadaka, 'yan'uwa suna ta zuwa barka. Shi kuwa yana ɗaki ya juya fuska ga bango. Tuwo sai ya kwana a gabanshi, wanka sai an yi da gaske, in ka yi mashi magana sai hawaye. Muka ce kunya ce, ya tuna abin da ya yi a gaban mutane. Bayan wata uku ko huɗu ya fara fitowa, ya koma shagonshi, ya zama mutum kamar kowa.

Ka ga inda muka ɓata. Mun ga an yi duka, mun ga ya yi shiru, sai muka ɗaura wannan a kan wancan. Da abin ya dawo bayan shekara guda ba wanda ya tsaya shawara, aka sake ɗaure shi, aka sake komawa bayan Barkiya, ya sake yin shiru, Inna ta sake soya waina. Har yabon mai maganin nake yi a kasuwa, ina tura mashi mutane. Allah ya yafe mani waɗannan ma.

Karo na uku a gida ya same shi, ya zo ganin Inna. Kwana biyar yana kwance rufin ɗakin girki wai zai sa mata injin da zai riƙa tuƙa tuwo da kanshi. Inna ta riƙe mashi riga tana lallashi, ya ture ta ba tare da ya ko waiwaya ba. Ta faɗa kan turmi, hannunta ya karye nan take, ƙashi ya turo fata. Ina maƙera aka kira ni. Da na ga hannun Inna yana lilo, shi kuma yana bisa katanga yana waƙa, shi ke nan, idona ya rufe. Na jawo shi ƙasa, na ɗauki ƙotar gatari, na yi mashi dukan kawo wuƙa. Maƙwabta suna ja na ina watsar da su. Da na gaji na ce ba inda za a sake kai shi, maganin da ake yi a can ni ma na iya.

A ranar na ƙera marin. Na auna idon sawunshi da zare yana kwance jina-jina, na koma na yi aikin a natse, don ni in ina gaban wuta hankalina kwanciya yake yi. Na dawo da uwar maƙera ƙarama har cikin ɗaki, na ɗora ƙafarshi a kai, na daddaƙe ƙusa. Masaba ta kuskure sau ɗaya ta sami ƙashi, ya yi ƙara, na ce ya rufe mani baki. Na kafa ƙarfe a tsakar ɗakin na ɗaure sarƙar a jiki. Wata biyu yana fizga, ƙarfe yana cin nama, ƙuda suna bin gyambon. In ya cika ihu in shiga da bulala. Inna, da hannunta a ɗaure cikin karan ɗori, ita ce ta sa aka ɗauko mashi rikodarshi daga Dutsin-Ma, wai ko za ta ɗebe mashi kewa.

Sai shirun ya zo, kamar yadda muka saba. Na jira mako biyu don in tabbatar, sannan na shiga da kurfi, wato ƙarfen sara, da masaba in sare ƙusar. Yana zaune ya jingina da bango, ya rame kamar kara. Da na kama ƙafar sai ya ɗora hannunshi a kan nawa.

Ya ce, "Yaya, bar shi."

Na ce, "In bar me?"

Ya ce, "Kada ka cire. Bar mani shi tukuna."

Na ce, "Ka ji sakarcin banza! Ka warke, mutane na jiran su gan ka, kana so a ce har yanzu mahaukaci muke ajiye da shi a gida?"

Na ture hannunshi, na sare ƙusar, na fita da marin ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Bayan kwana uku ya fito har maƙera, yana jan ƙafa, ya miƙo mani kaset a naɗe cikin takarda. Ya ce in saurara in na sami sarari. Haushi ya kama ni, gida ɗaya muke kwana amma sai ya aiko mani wasiƙa kamar ina Makka. Ni ba rikoda gare ni ba, kuma girman kai ba zai bar ni in ari tashi ba. Na cusa kaset ɗin a aljihu na ci gaba da ƙera lauje.

Ranar kasuwar Kurfi, rana tsaka, ina rumfa ina ciniki, sai ga matar maƙwabcinmu a guje ba ko mayafi. Ta ce in zo, ƙanena yana cikin rijiyar da ke bayan gidanmu. Ban san yadda na isa ba. Allah ya sa ruwan ya ja baya, bai wuce gwiwa ba. Aka ɗaura mani igiya a ƙugu na sauka. Na same shi a zaune cikin laka, ƙafa ɗaya ta juya baya, kai ya fashe, idonshi a buɗe. Bai yi kuka ba, bai kama ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Me ya sa ka zo?" Na goya shi aka ja mu sama, jininshi yana bin wuyana.

A asibitin Dutsin-Ma akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga kudancin Zariya, kowa Sista yake ce mata. Ta san shi, don shi ke gyara mata rikoda. Bayan an ɗaure ƙafar an ɗinke kan, ta kira ni wani ɗan ɗaki ta tambaye ni yadda aka yi. Na ce santsi ne ya kwashe shi wajen ɗiban ruwa.

Ta ce, "Malam, na ga bayanshi, na ga idon sawunshi. Kwana nawa ya yi ba ya magana?"

Na ce, "Ai wannan ya wuce, ya warke. Shirun da yake yi kunya ce."

Ta ce, "Ba kunya ba ce. Ciwon ne bai tafi ba, juyawa ya yi. Lokacin da yake ihu, ku yake ba wahala. Lokacin da ya yi shiru, kanshi yake nema ya kashe. Bai ce maku komai ba kafin yau?"

Na miƙe tsaye zan zazzaga mata rashin mutunci, wai mace, baƙuwa, za ta koya mani ƙanena. Hannuna ya bugi aljihu na ji kaset. Na fito da shi na jefa kan tebur, na ce ga abin da ya ce, in tana da lokacin shirme. Ta aika gidanta aka kawo rikoda.

Ashe a kan tsohon kaset ya yi ɗaukar. Da farko muryar nan ce ta lokacin tashin ciwo, tana gudu kamar an kunna inji, Masar, lantarki, dariya. Sai aka ji ƙas. Sai wata murya ta fito, a hankali, kamar daga ƙasan rami, har na ɗauka batir ne ya yi sanyi. Ya yi sallama yadda ake yi a wasiƙa, ya gaishe ni da aiki. Sannan ya ce, "Yaya, ban iya faɗa maka a ido ba, kana da faɗa. Don Allah ka mayar mani da ƙarfen nan. In na wuce bakin rijiya sai in ji tana kirana. Na karya hannun Inna, ban ga amfanin zamana ba. Ina jin tsoron kaina. Ka ɗaure ni ko na wata ɗaya ne, ba zan yi ihu ba."

Kwana shida wannan magana tana cikin aljihuna, ina yawo da ita, ina salla da ita. Na zauna a ƙasa gaban matar nan na yi kuka kamar jariri. Sai da na gama, sannan ta rubuta takarda ta ce in ƙafar ta ɗan kama mu wuce Kaduna, akwai likitocin ƙwaƙwalwa, kuma in tafi da kaset ɗin.

Likitan da muka samu a can dattijo ne mai sanyin magana. Ƙanena ya ƙi buɗe baki, ya daina cin abinci gaba ɗaya, don haka kaset ɗin ne ya yi magana a madadinshi. Likita ya saurara har ƙarshe, ya mayar baya ya sake ji. Ya ce muryoyin nan biyu ciwo ɗaya ne, yakan ɗaga mutum sama ya kuma jefar da shi ƙasa, kuma ko an yi duka ko ba a yi ba, tashin zai sauka da kanshi in lokacinshi ya yi. Wato duk barkonon nan, duk tsumagiyar nan, ba su rage ko kwana ɗaya ba. Ya ce tunda ya kai ga ƙin ci da sha, ba za a jira ƙwayoyi su yi aiki ba, za a sa mashi wata na'ura mai lantarki a kai.

Ranar farko na leƙa ta taga. An yi mashi allura ya yi barci, an sa mashi roba a baki, aka ɗora wasu abubuwa biyu a gefen kanshi. Na ga jikinshi ya ɗauki rawa. Ban san lokacin da na banke ƙofa na shaƙe wuyan ma'aikacin da ke kusa ba, ina ihu za su kashe mani ƙane. Aka taru aka ɓanɓare ni. Likitan bai ɗaga murya ba. Ya jira aka gama, ya kama hannuna ya kai ni ƙarshen gadon, ya yaye zanen da ya rufe ƙafafun.

Ya ce, "Malam, namu yana barci aka yi, in ya farka ba zai san an yi ba. Wannan fa, idonshi biyu aka yi mashi?"

Na dubi tabon da marina ya bari a idon sawunshi. Tun daga ranar ban sake leƙa tagar ba.

Bayan an yi mashi sau biyar ko shida, wata safiya ya ce yana jin yunwa, ko akwai ƙosai. Na fita da gudu har ina tuntuɓe. Wata biyu muka yi a can. Aka sallame mu da ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum, da lafiya da ba lafiya, da sharaɗin a riƙa dawowa ana duba jininshi. Likita ya ja mani kunne a kan abu biyu, in barcinshi ya fara raguwa a kawo shi, in kuma ya fara shiru kada a bar shi shi kaɗai ko na sa'a guda. Ya kuma gaya mani na'urar takan tafi da wani abu daga tunanin mutum, musamman watannin da ke kusa da jinyar, wani ya dawo, wani ba ya dawowa.

Nashi bai dawo ba. Yana tuna shagonshi, yana tuna mai magani na bayan Barkiya da barkononshi, amma daga ranar da ya hau ɗakin girkin Inna har zuwa ranar ƙosai, babu komai. Inna ta tara gida ta ce duk wanda ya gaya mashi yadda hannunta ya karye ba ta yafe ba. Ni kuma na jefa kaset ɗin cikin wutar maƙera, marin na haƙa rami na binne. Ya koma Dutsin-Ma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Ciwon ya sake taɓa shi sau da dama, amma ba a sake ɗaure shi ba, mota muke nema mu tafi asibiti. In ya yi shiru nakan rufe maƙera in je in zauna kusa da shi, ko kwana nawa ne, ba na cewa komai.

Wata rana, shekara biyu ko uku bayan dawowarmu, ya zo Kurfi muna alwala a ƙofar maƙera za mu yi la'asar. Ya naɗe wando yana wanke ƙafa, sai ya tsaya yana shafa tabon nan da ya zagaye idon sawunshi, fari fat, da ɗan kumburin inda masaba ta sami ƙashi.

Ya ce, "Yaya, na daɗe ina son in tambaye ka. Wannan ba tabon turu ba ne, ni ma ɗan maƙera ne, na san cin ƙarfe. Wa ya sa mani mari?"

Ga buta a hannuna, ga shi yana dubana da idon nan nashi mai yarda da duk abin da na faɗa. Ni da ban taɓa jin tsoron namiji ba, na ji tsoro. Na ce wani maƙeri ne daga can wajen Rawayau, mai magani ne ya kawo shi, ya ma rasu.

Ya jinjina kai. Ya ce, "Kuma kana ina aka yi mani haka?"

Na ce na yi tafiya.

Ya ce, "Na sani. Da kana nan ba wanda ya isa." Ya zuba ruwa a kan tabon, ya ce, "Shi kuwa wannan maƙeri, ko ya mutu, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba."

Na ce amin. Muka tashi, ya ce in shige gaba, ya bi ni salla.